Fitilar Mai Raunin Gani: Darasi Daga Ɗakin Wani Maɗinki a Birnin Zariya

Harshen Hausa ya tanadi suna ga wanda ba ya gani sam, watau makaho, har ma al'ada ta naɗa wa makafi sarkinsu a manyan garuruwa, ta kuma san su da sanda da ɗan jagora. Wanda idanunsa ke lafiya kuwa ba ya bukatar wani suna. To, amma tsakanin waɗannan biyu akwai jama'a mai tarin yawa wadda harshe bai keɓe mata suna guda ba, sai dai a kwatanta halin da take ciki. Akan ce wane yana gani dishi-dishi, ko hazo-hazo, ko garara-garara. Akan ce yana ta rufe masa ido, ko hakiya ta fito masa, ko kuwa yana da dundumi, watau da zarar magariba ta kawo jiki sai ganinsa ya ɗauke. Waɗannan su ne masu raunin gani. Da yake ba su riƙe da sanda, jama'a ba ta tausaya musu kamar yadda take yi wa makafi. Da yake kuma ba sa gani sosai, ba a barinsu su yi aiki kamar masu ido. Sau da yawa abin da ke raba su da sana'arsu da karatunsu bai wuce irin fitilar da aka rataya musu a ɗaki ba.

Yawan waɗannan mutane ya wuce yadda ake zato. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, an nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsala ta gani a duniya. A Nijeriya kuwa, binciken ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 ko fiye makafi ne, kuma yanar ido ita ce kan gaba wajen haddasa makantar, sa'an nan hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, yana biye da ita. Waɗanda ganinsu ya raunana amma bai ɗauke ba sun ninka makafin yawa. Wuya ne a sami babban gida a ƙasar Hausa wanda ba shi da tsoho ko tsohuwa guda daga cikinsu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane wani dattijo ne a cikin birnin Zariya, wanda 'ya'yansa da jikokinsa ke kira Baba. Sana'arsa ɗinkin hannu ce, irin wanda ake yi wa babbar riga, kuma ya shafe fiye da shekara arba'in yana zare da allura a zauren gidansa. Da shekaru suka ja, sai ya fara kuskuren kafar allura, ya fara kuka da cewa hazo ya sauko alhali kuwa ana tsakiyar damina. Aka kai shi asibitin ido a Kaduna, aka yi masa aikin yana a ido ɗaya, aka kuma shaida wa iyalinsa cewa hawan jinin ido ya riga ya ci wani sashe na jijiyar gani, kuma abin da wannan cuta ta ci ba ya dawowa. Aka ba shi tabarau da maganin ɗigawa na kullum domin a tsare abin da ya rage. Baba ya koma gida da ragowar gani, wanda bai kai na da ba, amma ya isa a yi rayuwa da shi in an san yadda za a tallafe shi.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a Kano, shi ya fara yunƙurin taimako. Da ya ji an ce mahaifinsa na bukatar haske, sai ya shiga kasuwa ya nemi ƙwan lantarki mafi ƙarfi da ya iya samu, fari fat mai ɗaukar ido, ya sa aka rataya shi tsirara a tsakiyar ɗakin, daidai inda ido ke faɗawa in mutum ya shigo. Kowa a gidan ya yaba, aka ce ɗakin Baba ya zama kamar rana. Shi kuwa Baba, ko mako guda bai yi ba sai ya koma janyo hularsa har gira, daga baya ma ya riƙa kashe ƙwan gaba ɗaya yana zama cikin duhu. Mutanen gida suka ce rigimar tsufa ce. Wasu suka ce ai ganin ne ya ƙare, don haka a tattara zare da allura a ajiye kada ya soke kansa. Haka aka yi, aka kuwa raba mutum da aikin da ya ciyar da gidan duka, aka kuma hana shi fita masallaci da asuba sai da yaro.

Wata jikarsa ce, 'yar makarantar sakandare, ta lura da abin da manya suka kasa lura da shi. Ta ga cewa da hantsi, in Baba ya zauna a zaure ya ba ƙofa baya, hasken waje yana sauka ta kan kafaɗarsa, yakan karanta manyan baƙaƙen littafinsa ba tare da ya nemi kowa ba. Sai ta durƙusa ta tambaye shi, ta ce, "Baba, yaya kake karatu a nan, amma a ɗaki da fitila mai ƙarfi ba ka iyawa?"

Ya ce, "'Yar nan, hasken zaure takarda yake duba. Wancan na ɗaki kuwa ni yake duba. Yaya zan ga rubutu alhali an tsone mini ido?"

Wannan amsa ta tsoho ta ƙunshi kusan dukkan abin da masana ido ke faɗa game da fitilar mai raunin gani, kuma ya kamata a warware ta daki-daki.

Da farko dai, gaskiya ne cewa tsohon ido na bukatar haske mai yawa. Yayin da mutum ke tsufa, 'yar ƙofar da haske ke bi ta tsakiyar ƙwayar ido tana ƙara tsukewa, madubin da ke bayanta kuma yana ƙara kauri yana komawa rawaya-rawaya. Saboda haka hasken da ke isa can cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa cikin idon ɗan shekara 20 ba. Ke nan ɗakin da saurayi ke ganinsa tangaran, ga kakansa kamar almuru ne. A nan ɗan Baba bai yi kuskure ba. Inda aka sami tangarɗa shi ne wajen sanin inda za a ajiye hasken.

Akwai wata ƙa'ida ta kimiyyar haske mai sauƙin riƙewa: in aka rage nisan da ke tsakanin fitila da abin da ake dubawa zuwa rabi, hasken da ke sauka a kan abin yakan ninka sau huɗu. Fitilar da ke rataye a rufin ɗaki, mita 2 daga takarda, in aka sauko da ita zuwa rabin mita, hasken da takardar za ta samu zai ninka sau 16. Watau ƙaramar fitila a kusa ta fi babbar fitila a nesa amfani ga mai karatu, da mai ɗinki, da mai tsintar shinkafa, da mai ƙirga ƙwayar magani. Abin da ya dace da irin wannan aiki shi ne fitilar tebur mai wuya wanda ake lanƙwasawa, wadda za a iya matso da ita ko a ɗaga ta yadda mai aikin ya ga dama. A ajiye ta a gefe, ƙasa da saitin ido: ta hagu ga mai aiki da hannun dama, ta dama ga bahago, domin kada inuwar hannu ta faɗa kan aikin. In aka sa ta a gaba, takarda za ta riƙa walƙiya; in aka sa ta a bayan ƙeya, mutum zai tare wa kansa haske.

Abu na biyu shi ne ƙyalli, watau hasken da ke kashe ido. Idon da ke da yana ko hakiya yana warwatsa haske a cikinsa, kamar yadda gilashin mota mai ƙura ke yi in fitilar wata motar ta haske shi da dare. Ƙwan da aka rataya tsirara yana jefa haske kai tsaye cikin irin wannan ido, sai mutum ya ga fari fat amma ba ya rarrabe komai. Maganin wannan shi ne a sa wa ƙwai murfi mai hazo, ko a juya shi ya fuskanci bango ko rufi, hasken ya daki farin bango ya dawo a tausashe. Har wa yau akwai ƙyallin da ke tasowa daga ƙasa: tayil mai santsi, da ledar ɗaki mai sheƙi, da madubi, da tarin kwanoni da tasoshin da mata ke jerawa a kabad. Taga ma takan zama matsala in mutum ya fuskance ta. Farin labule marar kauri yana barin haske ya shigo, ya kuma tace zafinsa.

A wannan wuri ya kamata a yaba wa magina na da. Alkukin da sukan fafe a jikin bango domin ajiye fitila yana ɓoye harshen wuta daga iska, yana kuma mayar da haske cikin ɗaki daga gefe guda, musamman in an shafe shi da farar ƙasa. Illar tsohon gini dai ita ce ƙanƙantar taga da duhun bango. Farin bango yana mayar da fiye da kashi 70 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, bango mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Don haka kwanon farar ƙasa guda yakan yi wa ɗakin tsoho abin da ƙarin ƙwai biyu ba za su yi ba.

Abu na uku shi ne sanin abin da za a duba a jikin kwalin ƙwai. Jama'a sun saba auna ƙwai da wat, alhali wat yana nuna yawan wutar da ƙwan ke ci ne kawai. Ma'aunin haske shi ne lumen. Tsohon ƙwai mai zare, irin mai wat 60, yana ba da kusan lumen 800, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take komawa, abin da ya sa ba a iya matso shi kusa da fuska. Ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da haske daidai da wancan, ba tare da irin wannan zafi ba. Wannan ƙwai ya samu ne sakamakon aikin wasu masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba Lambar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samar da farin. In an kwatanta, kyandir ɗaya bai fi lumen 12 ko 13 ba, aci-balbal ma haka take, fitilar ƙwai kuwa 'yan gommai ne haskenta, balle in gilashin ya yi hayaƙi. Tsofaffin da suka yi karatun dare da waɗannan fitilu da ƙuruciyar ido suka yi shi, wadda yanzu babu ita.

Akwai kuma launin haske, wanda ake aunawa da kelbin. Ƙwai mai lamba 2700 zuwa 3000 haskensa ja-ja ne kamar na fitilar ƙwai. Mai 4000 yana tsaka-tsaki. Mai 6500 kuwa fari ne mai ratsin shuɗi, kuma shi ya fi yawa a kasuwannin ƙasar nan. Mutane da yawa masu yana sukan ce wannan na ƙarshe ya fi damun idonsu. Wasu kuwa da shi suka fi rarrabe baƙi da fari. Ga maɗinki irin Baba, wanda ke bukatar bambanta zare shuɗi da kore, na tsaka-tsakin ya fi dacewa da shi. Babu wata lamba guda da ta dace da kowa, domin cutar ido iri-iri ce: mai hawan jinin ido gefen ganinsa ke tafiya, wanda ciwon sukari ya taɓa wa ido yakan ga tabo-tabo, zabiya kuwa ko kaɗan ba ya son haske mai ƙarfi. Hanyar da ta fi ita ce a kawo ƙwai iri biyu ko uku, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan aikin da mutum ya saba yi, a bar shi ya zaɓa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na huɗu ya shafi gida gaba ɗaya, kuma a nan ne haɗari ya fi yawa. Ido yana bukatar lokaci kafin ya saba da duhu bayan haske. Cikakken sabo yakan ɗauki kusan minti 20 zuwa 30 ko ga mai lafiya, tsohon ido kuwa ya fi haka jinkiri. Tsarin gidan Bahaushe cike yake da irin wannan canji: daga hasken titi a faɗa duhun zaure, daga zaure a bi ta soro, a fito tsakar gida inda rana ke ƙwallewa, sa'an nan a shiga ɗaki mai ƙaramar taga. A kowace ƙofa kuma akwai dokin ƙofa yana jiran ƙafa. Da dare ga buta, ga turmi, ga kwata, ga bakin rijiya. Faɗuwa guda ga tsoho takan zama karayar ƙugu da kwanciyar watanni. Saboda haka ya fi kyau a raba haske daidai wa daida a zaure da soro da hanyar makewayi, maimakon a tara shi a ɗaki ɗaya a bar sauran wurare baƙi ƙirin. Ƙaramar fitila da za ta kwana a kunne a hanyar banɗaki, da makunni a bakin ƙofa wanda hannu ke kaiwa kafin a shiga, sun fi babban ƙwai a falo daraja.

Haske kuma yana tafiya tare da bambancin launi. Farar shinkafa a farin tire ɓacewa take yi, amma a baƙin faifai ko tsakuwa ana gani. Farin layi a gefen matakala da kan dokin ƙofa, buta mai launi mai ƙarfi a kan daɓe, baƙar alama kewaye da farin makunni, ɗan farin ƙyalle a bayan allura lokacin sa baƙin zare: waɗannan dabaru ba sa cin kuɗi, amma suna sa hasken da aka samu ya yi aiki sau biyu.

Abu na biyar shi ne halin wutar lantarki. Littattafan ƙasashen Turai da ke magana a kan wannan batu sun ɗauka cewa wuta ba ta ɗaukewa. A nan kuwa, tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, har bayan da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, magidanci bai daina tanadin fitila ta biyu ba. Bayan cire tallafin mai a 2023, tayar da janareta kullum ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje. Ga mai raunin gani, ɗaukewar wuta farat ɗaya ta fi zaman duhu haɗari, domin takan same shi a tsaye, ko a bakin murhu. Don haka fitilar da ta fi cancanta a saya masa ita ce mai caji ko mai aiki da hasken rana, wadda ba ta mutuwa in wuta ta tafi. A ba shi kuma ƙaramar tocila ta aljihu, a keɓe wa kowace fitila wuri guda da ba ya canzawa, a kuma hana yara ɗauke ta don cajin waya. Kyandir da fitilar kananzir kuwa a nisanta su daga gare shi iyakar iyawa, domin wanda ba ya ganin gefe shi ne ya fi saurin ture fitila kusa da gidan sauro ko labule, ban da hayaƙin da ke sa ido ruwa.

A gidan Baba, kusan duk waɗannan aka bi sannu a hankali, bayan jikar ta kai wa mahaifinta maganar da kakanta ya faɗa. Aka sauke babban ƙwan aka mayar da shi tsakar gida inda ya fi amfani, aka shafe ɗakin da farar ƙasa, aka sa ƙwai mai murfi, aka kuma sayo fitilar tebur mai caji wadda kuɗinta bai kai na ƙwan farko da aikin sa shi ba. Ƙananan ɗinki masu tsananin laushi dai sun fi ƙarfin idonsa, ya bar wa almajiransa. Amma ya koma zana fasalin aiki a jikin riga, yana duba abin da yaran suka ɗinka yana gyara musu, yana kuma bin fararen layukan ƙofa zuwa masallacin unguwa ba tare da jagora ba.

Lalle ne a faɗa a fili cewa fitila ba ta warkar da ido. Yana ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, kuma wuraren yin haka sun daɗe a Arewa, kamar Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Masu ture yana da tsinke irin na gargajiya kuwa, binciken 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa mafi yawan idanun da suka taɓa makancewa suke yi. Hawan jinin ido ba ya ciwo a farkonsa, don haka duk wanda ya haura shekara 40, musamman in akwai cutar a danginsu, ya kamata a riƙa auna masa ido. Wasu kuma tabarau kawai suke bukata. Gyaran haske yana zuwa ne bayan likita ya yi nasa, domin a ci moriyar abin da ya rage.

A ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Kwalin ƙwai da takardar magani da bayanin likita duk da Turanci suke zuwa, alhali mafi yawan tsofaffin da abin ya shafa Hausa suke ji, wasu kuma ajami kawai suke karantawa. Ana bukatar a tattara kalmomin da Bahaushe ke kwatanta gani da su, a tantance ma'anar kowace tare da likitocin ido, a kuma samar da ƙananan littattafai masu manyan baƙaƙe da shirye-shiryen rediyo da za su bayyana wa magidanta da magina da masu aikin wayar lantarki waɗannan ƙa'idoji. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu. Tsofaffi da yawa suna zaune a ɗakuna an yanke musu hukuncin makanta, alhali da za a tambaye su inda haske ke damunsu da inda yake taimakonsu, da sun ba da amsa. Allah ya sa a dace.